Yayana, Man Duniya da Ɗan Farina

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Yayana ya riga ni tafiya.

Ni ban yi boko ba. Babbar 'yarsa ce ta same ni a rumfata a kasuwar Zuba da biro da takarda, ta ce ana haɗa ɗan littafin ta'aziyya da za a raba ranar sadakar arba'in, kowa ya ba da nasa, saura ni. Na ce ta kife kwandon can ta zauna, ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Akwai kuma wata kalma da take nema a wurina tun ranar jana'iza. Na ce ta yi haƙuri sai na gama.

Ranar da ya rasu, layin gidansa ya cika da motoci har mai kurar ruwa ya rasa ta inda zai bi. Manyan ofishinsu suka zo cikin farar shadda, turarensu yana riga su shiga gida. Wani ya ce ƙasa ta yi rashi. Na kusa da shi ya ce ba ƙasa kaɗai ba, duniya ce ta yi rashi, don mutumin nan ya kwana ya tashi yana tsare wa duniya man fetur ɗinta. Ana cikin addu'a wayoyinsu na kuka a aljihu. Ina kallo ta taga wani ya ja gefe, ya kare baki da hannu yana tambayar yadda farashin gangar mai ya kwana a kasuwa. Gawar ba ta ma fita ba.

Mutum ɗaya ne ya yi mini gaisuwar da ta shiga kunnena. Wani tsohon abokin aikinsa ne, mutumin Filato, Kirista, wanda ya tsaya a waje da hularsa a hannu har aka idar da salla. Ya nemi a kai shi wurina, ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo.

"Mama, ka yi haƙuri," in ji shi da irin Hausarsu. "Oga ba ya cin na kowa. Kuma ni ban manta da yaron ba. Ina ofis lokacin."

Duk taron nan, shi kaɗai ya ambaci yaron.

Daga nan ne kuka ya ƙwace mini. Na yi kuka irin wanda ban taɓa yi a gaban mutane ba, har ɗankwalina ya faɗi. Ina jin mata suna cewa, "Allah sarki, Gwaggo. Ashe haka take son Yayanta." Na bar su a haka. Amma tunda yau rubutu ake yi, a rubuta gaskiya: ba shi kaɗai nake yi wa kukan ba.

Da aka gama suturta shi, aka kira mu mata mu yi sallama. Muryar liman ta shigo daga falo, yana cewa duk wanda marigayi ya ɓata wa ya dubi Allah ya yafe masa. Matarsa ta ce ta yafe duniya da lahira. 'Ya'yansa suka faɗa ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kaina na ce, "Allah Ya jiƙanka, Yaya," na fito. Yarinyar nan da ke rubutu ta biyo ni har tsakar gida ta kama mini mayafi.

"Gwaggo, ba ki faɗa ba."

"Na yi masa addu'a."

"Ba ki ce kin yafe ba."

"Ku fitar da shi, rana tana yi."

Kowane Musulmi ya san haƙƙin mutum a kan mutum ba ya sauka sai mai shi ya sauke. Shi ya sa tun ranar yarinyar nan take ramewa, take zarya tsakanin cikin gari da Zuba. Ubanta yana kwance da haƙƙina a wuyansa, kuma ni kaɗai zan iya cirewa.

To bari in faɗi ko wane ne shi, kafin masu farar shadda su mayar da shi hoto a bango.

Mu biyu uwarmu ta bari. Shi aka kai boko, ni aka ɗora wa farantin talla. Ba na jin haushin wannan. Da ni aka kai da na fi shi, shi ma ya sani, yakan faɗa a gaban 'ya'yansa. Da aka taso da ofishinsu na harkar mai daga Legas zuwa Abuja, ya biyo. Ni kuma da maigidana ya rasu na tattaro na zo Zuba, na fara kasa lemo a bakin titin Kaduna. Yau duk motar da ta shigo da kaya daga Binuwai, direbanta ya san rumfata, kuma ba da sunan Yaya na kafa ta ba.

Mutum ne da ba ya rabuwa da ƙaramar rediyo. Kan tabarmar cin abinci ma tana gefensa kamar ɗiya. Idan aka ce rikici ya tashi a wata ƙasa mai arzikin mai, sai ka ga lomar ta tsaya a hannunsa. Wata ranar Salla muna cin tuwo a gidansa, aka faɗi wani yaƙi da ke shirin ɓarkewa can gabas, ya ture kwano.

Na ce, "Yaya, yaƙin nan a ina ake yinsa?"

"Nesa. Sai an tsallake teku."

"To mu ina ruwanmu? Ci tuwonka kafin ya huce."

Sai ya jawo butar alwala ya ɗaga ta. "Kin ga bakin butar nan? Man da duniya take sha, da yawansa ta wani siririn mashigi irin wannan jirage suke fito da shi." Ya ɗora babban yatsa a bakin, ya karkata ta, ko ɗigo bai zuba ba. "Wani mai bindiga ya yi haka, shi ke nan. Motar da ke kawo miki lemo ta tsaya. Injin asibiti ya mutu a garin da ba ki taɓa jin sunansa ba. Aikinmu shi ne idan an toshe can, namu na nan ya ci gaba da fita, kada duniya ta shaƙe."

"Wato kai ne mai gadin duniya."

"Ɗaya daga cikin masu gadin."

"Ta san da kai kuwa?"

"Ba sai ta sani ba," in ji shi. Matarsa ta ce ita dai a ajiye mata buta kada a jiƙa mata shimfiɗa, muka yi ta dariya. A lokacin maganar tana ba ni dariya.

Shekarun nan ne sojoji suka koma bariki, farar hula suka hau, mai ya yi daraja. Benaye suka riƙa tsirowa a garin nan kamar ciyawar damina. Waɗanda suka shiga aiki a bayansa suka gina unguwanni sukutum. Shi yana nan a gidansa na da, da tsohuwar motarsa wadda yake kashewa a duk inda aka tsaya a cunkoso, a yi ta yi masa oda daga baya yana ƙoƙarin tayarwa. Ya shiga ɗaki ya tarar da fitila tana ci babu kowa, ranar kowa sai ya ji a jikinsa. "Wannan wutar," yakan ce, "wani ne ya shiga ruwa ya kawo muku ita." Matarsa takan kawo mini ƙara, ta ce ta auri babban mutum amma tana zaune kamar matar masinja.

Ba zan ɓoye alherinsa ba. Shekarar da aka yi mana rusau a bakin titi, aka baje rumfunanmu da safe, ina tsaye a kan tarkace ban san ta inda zan fara ba, sai ga shi. Daga ofis yake, da babbar riga. Bai ce mini sannu ba. Ya tuɓe rigar ya rataya a madubin mota, ya shiga tsintar kwanon rufina ɗaya bayan ɗaya yana ɗorawa a ka, ƙusa ta yanke shi a hannu yana ta zubar jini bai kula ba. Matan kasuwa suna cewa, "Wannan ba shi ne Ogan nan na mai ba?" Na ce shi ne, yayana ne, ku ba shi hanya. Ya wuni yana kafa mini rumfa a sabon wuri. Amma da na ce ya yi wa wani magana a daina taɓa mu, sai ya ce shi ba ya roƙon alfarma. Haka yake. Zai ba ka jininsa, ba zai ba ka sa hannunsa ba.

Yanzu sai maganar yaron.

Ɗan farina ne. 'Yan Abuja na yanzu da ke rungumar 'ya'yansu a gaban surukai ba za su gane ba, amma mu yadda aka tashe mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna tana sonsa, ba ta shiga maganarsa. Ana yaye shi na ba Yaya riƙo, don a lokacin matarsa ba ta haihu ba. A gidansa ya tashi. Yana ce wa Yaya Baba, ni kuma yana ce mini Gwaggo kamar sauran yaran gidan. Har ya bar duniya bai taɓa ce mini Inna ba, ni ma ban taɓa nema ba.

Yaron ba shi da kan boko. Da wani uban ne, da ya yi ta dukansa. Yaya kuwa ya lura duk abin da ya lalace a gida yaron ne ke gyarawa, sai ya kai shi garejin masu walda a Utako. Da yaron ya ƙware, Yaya ya tura shi ya koyi waldar bututun mai, irin wadda ake yi a cikin laka da ruwa. Ya zama gwani, kamfanonin kwangila suna rububinsa. Yaya yakan kama hannun yaron, mai tabon wuta ko'ina, ya nuna wa baƙi ya ce, "Mu muna mitin, wannan shi ke aikin."

Sai yaƙin nan da ake tsoro ya tashi can gabas. A daidai lokacin kuma masu bindiga suka fasa babban bututu a kudu, cikin fadamun bakin teku. Man ƙasar nan ya daina fita ta wannan hanyar. Jirage suka yi layi a teku suna jira. Ana ta bugo wa su Yaya waya daga ƙasashen da ban san sunansu ba. Masu gyara kuma suka ƙi shiga ruwa, suka ce ba a gama harbi ba, idan manya sun tabbata lafiya lau ne su turo 'ya'yansu.

Da hantsi Yaya ya zo mini, ana sauke kankana, rumfar cike da mata. Na shimfiɗa masa buhu, bai zauna ba. Ya ɗauki lemo ɗaya yana juya shi a hannu. Ya faɗa mini duk abin da na faɗa yanzu, da ƙarfi, yadda kowa zai ji. Sannan ya ce:

"Ina so yaron ya shiga gaba. Idan suka ga nawa ya tafi, za su bi. Na zo in ji ta bakinki."

Maƙwabciyata mai abarba ta tsaya da wuƙa a hannu tana kallona. Na gyara zama na ce, "Ni kake tambaya? Ɗanka ne. Mene ne nawa a ciki?"

Ya dube ni, ya daɗe. Ya ce, "To." Ya ajiye lemon ya tafi.

A nan haƙƙina yake, a saurara da kyau. Ni ban yi laifi ba. Na faɗi abin da duk macen da uwa ta haifa ta yi wa tarbiyya za ta faɗa a gaban mutane a kan ɗan farinta. Uwarmu ɗaya da shi, ya san haka kamar yadda ya san sunansa. Da ya so jin zuciyata, da ya aiko matarsa ta same ni a ɗaki, in ce mata kada a kuskura. Da ya same ni ni kaɗai, ko shiru na yi ya san fassararsa. Amma sai ya zaɓi tsakiyar kasuwa, ya zaɓi idon mata, ya tambayi mutum ɗaya a duniya da ba ta da bakin cewa a'a. Mutumin da ya iya zama da Turawa da Larabawa ya san ta inda zai ɓullo wa kowa, da wannan wayon ya zo wa ƙanwarsa.

Washegari yaron ya biyo yi mini sallama, da jakarsa a kafaɗa.

"Gwaggo, a ba ni lemon hanya. Ba irin ruɓaɓɓen da kike lallaɓa wa 'yan ofis ba."

"Tafi can, mai baƙin hannu. Ka taɓa ganin ruɓaɓɓe a rumfar nan?"

"Na gani mana, a ƙasan kwando kike ɓoye su."

Matan suka fashe da dariya. Na zaɓar masa masu kyau ina ƙullawa, kaina a ƙasa. Ya ce Baba ya ce aikin ba zai daɗe ba, kuma zai taho mini da busasshen kifi irin na can. Na ce ya kai wa uwar riƙonsa, ni ba na cin ƙarni. Ya durƙusa, na ce Allah Ya kiyaye hanya, ina kallon lemo. Ban ɗaga kai na dubi fuskarsa ba. Bayansa na gani yana ratsa motocin kaya.

Lissafin Yaya ya yi daidai. Da aka ga ɗan Oga ya shiga jirgin ruwa, sauran suka bi. Suka gyara bututun. A hanyar dawowa aka buɗe wa jirginsu wuta daga cikin duhuwar itatuwa, yaron ya faɗa ruwa. An neme shi ba a same shi ba. Ba ni da kabarin da zan nuna.

Yaya da kansa ya zo ya faɗa mini, wannan karon a ɗaki. Na ce ashe ya san hanyar ɗakin.

A gidansa aka yi zaman makoki, don shi ne uba. Shi ake yi wa gaisuwa, matarsa ake rarrashi. Ni ina madafa ina raba abinci a kwanuka kamar kowace gwaggo, idona a bushe, ana yaba mini dauriya. Waɗannan masu farar shaddar dai su ne suka zo, suna riƙe hannunsa suna cewa ya yi abin da babu wanda zai iya. Rediyon nan tasa tana faɗa cewa man ya ci gaba da fita, hankalin kasuwannin duniya ya kwanta. Ba a daɗe ba aka kira shi wani taro a ƙasar waje aka tafa masa. Babu wanda ya zo Zuba.

Na riƙe abin a ciki har damina ta wuce. Ranar da ya fashe, na wuni a layin kananzir ne na dawo da galan babu komai, sai na tarar da Yaya a rumfa yana jirana. Na jefar da galan ɗin a gabansa.

"Ga shi nan. Ina man da ɗana ya mutu a kai?"

Shi ne karo na farko da na ce ɗana da bakina. Ya sunkuyar da kai.

"Wancan ɗanyen mai ne, ƙasashen waje yake tafiya."

"Wajen wa? Faɗa mini sunan mutum ɗaya. In je in ga fuskarsa, in ga ko ya yi ƙiba."

"Ba mutum ɗaya ba ne. Da bai fita ba, da abinci ya gagari talakawa a wurare da yawa. Har nan."

"Har nan? Dubi galan ɗin nan ka sake cewa har nan."

"Na gani."

"Ka ce ka yi kuskure, Yaya. Shi kaɗai nake so. Ka ce ka yi kuskure, in yi kukana in huta."

Na zaci zai faɗa. Sai ya ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba. Ba zan iya tura ɗan wani in ɓoye nawa ba. Ko yau aka sake, haka zan yi."

Na ce ya tashi ya bar mini rumfa. Ya tashi.

Amma Juma'a na zagayowa ya dawo. Haka ya riƙa yi har ƙarfinsa ya ƙare: a sauko daga masallaci, ya kamo hanyar Zuba da tsohuwar motar nan, ya zauna a bencin da ke gaban rumfata. "Sannu da kasuwa." "Sannu." Iyakarta ke nan. Ya ɓare lemo ya sha, ya kalli masu dako, la'asar ta yi ya tafi. Ban taɓa korarsa ba bayan wancan karon, ban kuma taɓa ƙara masa kalma ba. Da ya yi ritaya, masu bugo waya suka daina, rediyon ma ya daina yawo da ita. Wata Juma'ar mai abarba ta ce masa, "Alhaji, an ce yaƙi ya sake tashi can wajen masu mai." Ya ce, "Akwai masu gadi," ya ci gaba da ɓare lemonsa.

Matarsa ce ta faɗa mini wani abu da ban sani ba. Tun daga rasuwar yaron bai sake cin kifi ba. Ko ƙamshinsa ya ji a miya sai ya tashi ya fita waje. Ta ce ta tambaye shi dalili sau ɗaya, ya ce, "Ban san abin da kifin ya ci ba." Da na ji, na wuni ban sayar da komai ba. Amma jin zafi daban, amsa laifi daban.

Da ciwo ya kwantar da shi na je asibiti da rana. Ya rame har zoben azurfarsa yana zamewa. Ya sa aka fita aka bar mu.

"Ƙanwata," in ji shi. Rabon da ya kira ni haka tun muna ƙauye. "Ki yafe mini."

"Me ka yi?"

"Kin sani."

"Ina so in ji daga bakinka."

Ya rufe ido yana numfashi. "Tura shi da na yi, ban yi kuskure ba. Amma kasuwa... da gangan na zo miki kasuwa. Na san idan na same ki a ɗaki za ki hana, kuma idan kika hana ba zan iya ba."

Shekara da shekaru ina jiran ya amsa, da ya amsa sai na ji kamar an sake kashe yaron a gabana. Ashe ban zalunce shi da zato ba. Ashe ya zauna ya auna, ya ga ta inda ƙanwarsa ba ta da kariya, ya bi ta nan. Na miƙe na gyara masa bargo na ce, "Allah Ya ba ka lafiya." Na fita. Ban sake ganinsa da rai ba.

Wannan shi ne Yayana. Bai ci na kowa ba, bai yi ƙarya ba, bai ɓoye nasa ya miƙa na wani ba. Ya ɗauki duniya a ka kamar wadda aka ba shi amana, duniyar da ko sunansa ba ta iya faɗa daidai ba. Masu farar shadda za su rubuta cewa ya yi sadaukarwa. A rubuta a ƙasan nasu cewa abin da ya sadaukar, ni na yi naƙudarsa.

Yarinyar nan ta ajiye biro tana kuka, ta ce ita ba ta san da maganar kasuwa ba. Na ce ta share ido ta ɗauka, ban gama ba.

Tun ranar jana'iza nake juya abin. Ba don ya yi daidai ba, bai yi mini daidai ba. Ba don zaryar yarinyar nan ba, ko da yake tana ba ni tausayi. Abin da ya tsaya mini shi ne ranar tsayuwa. Idan na riƙe haƙƙin nan, za a tsayar da Yaya a gaban Ubangiji, a kira ni, a kira yaron shaida. Kuma na san ɗana. Zai tsaya a ranar nan mai zafi, ya dubi Babansa ya dube ni, ya rasa bayan wanda zai bi. Ba zai shiga inuwa ya bar mutumin da ya riƙe shi a tsaye ba, ko an ce ya shiga. Yaron da bai samu ko kabari ba, ba ni zan ƙara masa tsayuwa ba.

Don haka rubuta, da manyan baƙaƙe yadda liman zai gani: na yafe wa Yayana. Na yafe masa kasuwa, na yafe masa ɗaki, duniya da lahira. Allah Ya sauke masa, Ya yalwata masa makwanci, Ya haɗa shi da yaron a inda babu mai bugo waya.

Waɗanda suka sha man kuwa, na nesa da na kusa, waɗanda motarsu ba ta tsaya ba, fitilarsu ba ta mutu ba, ba su taɓa tambayar wa ya shiga ruwa ba, su ban yafe musu ba. Ba su ma nema ba.

Yarinyar ta ɗago kai yanzu tana tambayata, "Gwaggo, har zuciya?"

Na ce, "Baki kika zo nema, ga baki na ba ki, kuma ba na mayar da magana. Zuciyar ki ƙyale ta. Tsohuwa ce, tana tafe a baya."